Muryar Ladaninmu Ta Shiga Dosiye

Jiya cunkoson shiga gbaka, ƙaramar bas ɗin haya ta garin nan, ya cire mini takalmi ɗaya a Adjamé, motar kuma ta wuce da shi. Da silifas na aro na isa Treichville, inda zan yi wa maƙwabcina Malam Ubaidullahi tafinta a ofishin kwamitin sauraron koken majinyata. Wai ni ne mai Faransanci a layinmu. Faransancin nawa na cinikin rediyo ne a Black Market, amma da shi muke lallaɓawa.

Malam Ubaidullahi shi ne ladanin masallacinmu na bayan Mairie, ofishin magajin gari. Tun kafin mu sayi lasifika shi ke tada unguwa, har maƙwabtanmu Kiristoci da kiransa suke ɗora ruwan wanka. Bara maƙogwaro ya dame shi, ya je wani kilinik a Arras. Likita ya leƙa bakinsa, ya leƙa ɗinkin rigarsa, ya ce sai tiyata, kuma yau-yau. Aka yanka. Malam ya farfaɗo da murya kamar iskar da ke fita daga taya.

Mu kuwa, da yake mutanen kirki ne, muka haɗa tawaga muka kai wa likita shadda mai kyau, ɗinkakkiya, ta godiya. Sai da wata ya bi wata shiru, wani likitan ya duba hotunan farko ya ce babu abin yankawa a wuyan nan, ƙwayar mako guda ta isa. Ranar na ji kunya, na kuma ji haushi, domin ni ne na zaɓo kalar shaddar.

Da Malam ya ce zai nemi diyya, matarsa Inna Delu ta tare ni a bakin famfo.

"Lukumanu, ku bar wa Allah mana. Mu baƙi ne a garin nan."

"Inna, mun bar wa Allah, kwafin koken ɗaya ne kawai za mu kai wa kwamiti."

To, watan jiya aka zauna. Allah ya ƙara wa kwamitin nan lafiya, sun iya zama. Ga na'urar sanyi, ga ruwan gora, ga naman kaza a faranti tun kafin a buɗe taro. Shugaban kwamiti, Mai Girma Sarkin Hatimi, yana tsakiya, Alhaji Dawo-Gobe yana damansa yana gyangyaɗin aiki. Likita ya shigo sanye da shaddarmu, an sha guga. Ya juya gaba, ya juya baya, ya tambayi kwamiti ko sun taɓa ganin wanda aka cuta ya yi irin wannan kyauta. Kwamiti ya yaba ɗinkin.

Sarkin Hatimi ya ce mai koke ya faɗi kokensa da bakinsa. Malam ya buɗe baki, na'urar sanyi ta fi shi ƙara.

"Patron," na ce, "abin da ba ku ji ɗin nan, shi ne koken."

"Wa ya shaida yana da murya a da? Kwamiti ba ya aiki da jita-jita."

Nan Malam ya zaro kaset daga aljihu. Wani ɗan kasuwa ne ya ɗauki kiran sallarsa shekarun baya, babu kuma wani kwafi a duniya. Inna Delu ta ce da shi yake zama bayan la'asar, ya kunna ƙasa-ƙasa yana bi da leɓe. Aka sa a rediyon sakatare. Murya ta cika ɗakin, har Alhaji Dawo-Gobe ya farka ya gyara hula. Malam ya sunkuyar da kai, ni ma idona ya kawo ruwa. Sarkin Hatimi ya ce hujja ce mai nauyi, dole ta kwana cikin dosiye, wato fayil ɗin koke. Malam ya riƙe kaset da hannu biyu, sai da na ce masa, "Malam, ba su, hukuma ce," sannan ya saki.

Jiyan nan muka koma karɓar sakamako. Kwamiti ya gano cewa muryar kaset tana da kyau ƙwarai, amma ba a tabbatar ta mutumin nan ba ce, tunda an nemi ya maimaita ya kasa. Babu diyya. Kaset dai sun dawo da shi cikin ambulan mai hatimi uku, abin yabo.

Da muka iso gida Malam ya karɓi rediyona ya danna. "Allahu" ta fito, ta miƙe, sai ƙaras. Tari ya biyo, da ƙarar cokali a faranti, sannan muryar Sarkin Hatimi tana buɗe taro. Ashe kuɗin sayen kaset na ofis ya ƙare tun farkon shekara, sakatare ya ɗauki zaman yanke hukunci a kan namu, gaba da baya.

Malam bai kashe ba. Ya saurara har ƙarshe, ko wani abu ya rage. Babu.

Ni dai shawarata ga kwamitin masallaci, gobe da asuba a sa kaset ɗin a lasifika. Sallah ba za ta kiru ba, amma unguwa za ta ji yadda manya ke tauna kaza.