Yadda Za Ka Zama Likitan Dangi da Kwalin Amoksisilin Ɗaya

Ɗan'uwa, ka daina wahalar da kanka a layin asibiti. Ni Bello na Unguwar Kanawa ma'aikacin gwamnati ne, ban taɓa leƙa ajin likitanci ko ta taga ba, amma a danginmu babu mai yin atishawa sau biyu ba a kira wayata ba. Sirrina kafso ɗaya ne, amoksisilin. Ka bi matakan nan yadda na bi su, na ba ka tabbacin za ka isa inda na isa.

Mataki na ɗaya: Koyi faɗin sunan

Kada ka ce "ja da yalo" kamar kowa. Ka gyara zaman hula, ka ja sunan a hankali, a-mok-si-si-lin, sannan ka yi shiru kana kallon sama. Rabin ilimina a wannan shirun yake.

Mataki na biyu: San kamfanoni

Akwai na Ingila mai tsada, akwai na Indiya, akwai na gida. Mai kyamis zai ce maka in dai mai kyau ne, maganin da ke ciki ɗaya ne, ka duba lambar rajista da ranar lalacewa kawai. Ka gyaɗa kai. Daga nan ka wuce tasha wajen mai talla da faranti, wanda rana ta yini tana gasa kayansa, don nasa ya fi araha. A gida kuwa ka zuba shi cikin tsohon kwalin na Ingila. Mutane kwali suke girmamawa.

Mataki na uku: Ba kowa, kan komai

Mura, ciwon baya, kasala, ɓacin rai bayan an sha kashi a ƙwallo, duk nasa ne. Likitoci za su ce wasu ƙwayoyin cuta kaɗai yake kashewa, mura ba ta ma san da zamansa ba. Hassada ce.

Wani lokaci za a ɗan samu tangarɗa. Ƙanena Hamisu ya sha guda biyu, ƙuraje suka feso masa, leɓensa ya kumbura. Ya kira ni yana magana da ƙyar: "Yaya, anya kuwa?" Na ce, "Cutar ce ke fita, ƙara ɗaya." Bai ƙara ba, ya hau keke Napep ya tafi asibiti, aka ce jikinsa ba ya karɓar dangin fenisilin, wanda amoksisilin yake cikinsu, kada ya sake ko sunsuna shi. Ka ga illar rashin biyayya ga manya: yanzu shi kaɗai ne a danginmu ba shi da likita.

Mataki na huɗu: Kada ka taɓa shanyewa

Nan ne ake gane gwani. Da ka ji sauƙi, ajiye sauran. Ni a kan haƙorina na ƙware. Turmi ne na can ciki, ya ruɓe, yana tashi yana kwanciya. In ya motsa in jefa masa kafso kwana biyu, ya lafa, in mayar da ragowar aljihu saboda jama'a. Haka muka yi ta zaman haya da shi.

Ana cikin haka aka sa ranar auren Husaina, 'yar marigayi yayanmu. A hannuna ta tashi. Kafin Yaya ya rasu ya kama hannuna ya ce, "Bello, ranar aurenta da bakinka za ka bayar da ita." Ita ma ta san da maganar. Ina faɗa maka gaskiya, babu abin da nake jira a duniya kamar ranar da zan zauna a gaban liman in ce na bayar. Har gwaji nake yi a banɗaki.

Mataki na biyar: Toshe kunnenka daga matarka

Ana saura mako biki, kuncina ya fara tasowa. Fatima, uwar 'ya'yana, ta tsaya a kaina da ludayi a hannu.

"Baban Sharhabil, don Allah ka je a duba haƙorin nan."

"In je a cire min haƙori ana dab da biki? In ba da aure da giɓi?"

"Gara giɓi da wannan ƙosan da ke fuskarka."

Kada ka tanka irin wannan magana. Ka ninka kafson, ka sauya kamfani, ka ɗaure kai da rawani ka ce sanyi kake ji. Ni har buɗe kafson na yi na barbaɗa garin a ramin haƙorin, dabarar da ko a Ingila ba su kai gare ta ba.

Mataki na shida: Ranar da ake buƙatar bakinka

Safiyar Asabar, ranar ɗaurin auren, na farka na ji muƙamuƙina ya kulle. Cokalin shayi ya ƙi shiga. Babbar rigata tana rataye, an goge ta tana ƙyalli, ni kuwa ko sunana ba na iya faɗa. Hamisun nan da na kusa aikawa lahira shi ya cicciɓe ni zuwa asibiti. Likitar ta ce ruɓa ce ta taru ta bazu, kafso kaɗai ba ya fitar da ita, sai an tsaga. Ta tambayi abin da nake sha. Fatima ta zazzage mata aljihuna a kan tebur, ba ta bar min ko na tsaraba ba.

Ɗaurin aure ba ya jiran kunci. Hamisu ya wuce masallacin Unguwar Sarki inda za a ɗaura, ya kira wayata ya ajiye tasa a kan tabarma. Ina kwance da ƙarin ruwa a hannu na ji muryarsa: "Na bayar." Na ji an shafa fatiha. Ka juya fuskarka bango a wannan gaɓar, haka ƙwararru suke yi.

Mataki na bakwai: Karɓi baƙi

Al'ada ce kafin a kai amarya a kawo ta gaban iyaye su yi mata nasiha. Husaina ta ce ba za ta shiga mota ba sai an biyo da ita ta wajena. Bayan la'asar sai ga ta a ɗakin marasa lafiya, lulluɓe da mayafi, ƙamshin turarenta ya danne warin asibiti. Ta durƙusa a gefen gadon.

"Baffa, ga ni. Ka faɗa min ko kalma ɗaya ce."

Nasihar nan na daɗe ina tsara ta, har da abin da ubanta ya ce in gaya mata. Na yunƙura, abin da ya fito sai gurnani. Na ɗora hannu a kanta kawai, hawaye na bin kumburin. Ta jira, ta ƙara jira, har gwaggonta ta taɓa kafaɗarta ta ce motoci suna waje. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin ƙuraje, kumburi, giɓi ko duk wani abin da ya same ka. Mai ƙorafi ya je wajen likita na gaske, ya sha abin da aka rubuta masa har ya ƙare. Ni kada a kira wayata. Bakina ya buɗe tun tuni, kuma ina iya cewa "na bayar" tiryan-tiryan, sai dai Yaya 'ya ɗaya ya bari.