Jan Ƙyallen da Na Ɗaura wa Dantsena

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na naɗa kaina shef, wato shugaba, a filin jirgin Tamanrasat ba. Lokacin ban daɗe da zuwa daga Damagaram ba, kuma aikina bai wuce ɗaukar kaya da sa wa jirage makulli ba. Makullin nan katako ne mai dogon jan ƙyalle, ana cusa shi a fiffike don kada iska ta yi ta kaɗa shi, sai an zo tashi a cire.

To, ina neman 'yar Elhaji Mamman mai shagon yadi, na kuma gaya masa ni ne babba a wurin (Allah ya yafe mini). Rannan ya ce zai zo ya ga ƙaramin jirgin 'yan kamfanin mai, sabon nan marar farfela. Babba kuwa ai da alama. Na kunce ƙyallen wani makulli da ke jikin jirgin na ɗaura a dantse.

Sauran makullan duk na cire su ina taƙama, na manta da wanda na tuɓe wa ƙyalle. Matuƙin ma ya zagaya bai lura ba.

Da ni da Elhaji muka hango shi yana karanta takardar duba jirgi, abokinsa na amsawa, na ce, "Baba, kun gani? Kullum sai sun yi tilawa. Ni tuni na haddace."

Ashe a tilawar akwai inda ake juya sitiyari a ji ko yana motsi. Ya ƙi. Aka kashe inji. Matuƙin ya sauko ya zaro katakon, ya taho wajenmu ba sauri. Ya kunce ƙyallen daga dantsena a hankali, ya mayar wa katakon abinsa. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Da sun tashi haka, da rayuka na kashe saboda kwalliya.

Elhaji ya gyara rawani ya ce, "Ɗana, ashe katakon ne shef."

Wata guda aka sa ni sharar buro, wato ofis. Auren dai an ba ni, don yarinyar ta kafe, amma har tsohon ya rasu bai taɓa aike na kasuwa ba sai ya sa na maimaita saƙon a gabansa. Ni ma na koyi cewa wanda ya ce ya haddace, shi ya fi kowa bukatar a karanta masa.