Rasuwar 'Yar Shila, Jif Ɗin Hajiya Turai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da gwiwoyi masu cike da sanyi, Hajiya Turai ta Gwammaja ke sanar da 'yan uwa, maƙwabta da waɗanda suka daina gaishe ta, rasuwar ƙaramar jif ɗinta, 'Yar Shila, wadda ta cika ranar Talata da hantsi a bakin kwatar lungu, tana da shekara talatin da ɗaya.

Marigayi Malam Audu, mijin Hajiya, shi ya saye ta don zuwa gona. Ta sha yashi, ta sha taɓo, ba ta taɓa cewa a tura ta ba. Ita kaɗai ce motar da ke shiga lungun har ƙofar gida, tsakaninta da katanga yatsu biyu. Da ƙafafun Hajiya suka ƙi, ita ta zama ƙafafunta.

Marigayiya ba ta da gaggawa. Da safe takan yi tari uku, kuf, kuf, kuf, sannan ta kama tafiya tiki-tiki-tiki. A wannan tafiya Hajiya kan gaida mai ƙosai, ta ji wa ya haihu, wa ya yi yaji, wa ya dawo daga Umara da haƙorin da bai tafi da shi ba, duk ba a taka birki ba.

Ciwon ajali ya fara ranar da wani mai adaidaita sahu ya wuce su a titin Dala, ya waiwayo ya yi murmushi. Nazeer, ɗan Hajiya kuma direbanta, mutum mai 'ya'ya biyar da furfura, bai iya cin tuwo ba. Ya je Ƙofar Ruwa ya ɗauko injin wata ƙatuwar mota, wai za a ƙara wa marainiya lafiya. An cire mata zuciyar da aka haife ta da ita, aka cusa mata ta raƙumi. Bonet ya ƙi rufuwa, aka ɗaure shi da igiya.

Tun daga nan ba ta ƙara tari ba sai gurnani. Kafin Hajiya ta ce ina kwana, an kai Yakasai. Wata huɗu ba ta ji labarin kowa ba. Sai ma nata aka riƙa yi, wai ta yi kuɗi ta daina gaisuwa. Auren jikar Husaina ta bayan layi ya mutu, Hajiya ba ta sani ba sai bayan idda.

Ranar Talata, a bakin kwatar da marigayiya ta saba haurawa a hankali, Nazeer ya taka mata wuta. Inji ya ce a tafi, tsofaffin ƙasusuwa suka ce a'a. Aka ji ƙas daga ƙasa, sai shiru. Aka kira bakanike, ya leƙa, ya cire hula.

Ta bar taya huɗu da safaya, tabarmar da ake shimfiɗa wa Hajiya, da ƙullin goro a aljihun gaba. Ta bar sabon inji, lafiyarsa ƙalau, ko kunya ba ya ji. Tsohon injin kuwa an ce yana niƙa a Yakasai, tiki-tiki-tiki, mata na zagaye da shi suna hira. Shi ya ji daɗi.

Gawa na nan ta toshe lungu, masu babur suna zagayawa suna faɗin abin da ba ya rubutuwa. Za a fitar da ita Asabar bayan la'asar. Ana neman maza takwas masu turi, Nazeer a gaba, ba a yarda ya taɓa sitiyari ba. Daga nan 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, za su kai ta makwancinta.

Zaman makoki a ɗakin Hajiya, tunda yanzu ba inda za ta. Ba ranar tashi. Mai zuwa kada ya wahalar da kansa da goro ko kunu. Ya zo da labari, ya zauna, ya faɗe shi a hankali.