Ƙyallayen da Suka Kai Yara Tsibiri

Laifina ne, ban ɗora wa kowa ba.

Shekarar da jam'iyyu suka yawaita, yajin aiki ya cinye karatu, abin da ya rage wa ɗana Habu shi ne gudun kros na lise, tseren dogon zango na 'yan sakandare. Tun lokacin bai zo ba nake hango shi ina bisa keken ɗinki: Habu a gaba, gonakin Jiratawa kore shar, ana nuna ni ana cewa ga uban.

Da malaminsu ya nemi mai sa alamar hanya zuwa Jiratawa ranar tantance 'yan gudu, na ce, yadda ake kiran malaman boko, "Mushe, bar mini, tela bai rasa ƙyalle." Na bi itatuwa ina ɗaurawa ina murmushi. Na manta ragowar atamfar wata jam'iyya ce, ga shi ranar suna da taro, sun ɗaura irinta har garin Tsibiri.

Habu ne a gaba, shi ya ja sauran. Da kalangu aka tarbe su a wurin taron. Malam ya yini Jiratawa da usur a hannu, ya fusata ya soke gasar.

Har yau Mai Tuta ake kirana a Sabon Gari.

Da ƙyar na ce, "Habu, ka yafe mini."

Ya ce, "Baba, ai ni na zo na ɗaya."