Yadda Za Ka Zama Masanin Lemar Kwaɗi Cikin Damina Ɗaya

Bi matakan nan, na ba ka tabbaci sai ka shiga littafin jami'a. Malam Lado na Taura a gabana ya bi su, shekarar da Malama Safina, mai bincike a Dutse, ta ce duk wanda ya kai mata ƙaramar lemar kwaɗin nan mai ruwan ƙasa ba ta karye ba, za ta sa sunansa a littafinta.

1. Fara da cika baki

Je teburin mai shayi ka ce tun kana kiwo ka san su. Lado ya ce iri goma sha biyu ya sani. Idirisu mai shayi ya ce, "Kai da jiya ka shiga takalmin liman ka ce naka ne?" Kada ka tanka.

2. Raba su gida-gida

Duk kalarsu ɗaya, ƙafa kamar tsinke, ƙarƙashin kai layi-layi. Ba komai. Ka ce wannan ta kashin shanu ce, waccan ta ruɓaɓɓen kututture. Rabin ilimi murtuke fuska ne.

3. Ɗauke ta da dabara

Abar nan ko tari ka yi kusa da ita sai ta karye. Lado ya tsinko bakwai, ya zuba a hula, ya kifa a ka, ya hau acaba har Dutse.

4. Kada ka rasa amsa

Ya cire hula a gaban Malama Safina, gari ya zubo a tebur.

"Baba, wannan fa?"

"Iri na sha uku ne, 'yata. Ba kowa yake gane shi ba."

5. Bar iyali a gida

Nan Lado ya kuskure. Matarsa Fatsuma, mai kwasar taki kullum da sassafe, ta biyo shi a mota da ƙwarya rufe da faifai. Ta buɗe, ga lema uku a tsaye kan kashin saniyarsu.

"Malam, ai ba a tsinke ta. Da mazauninta ake ɗauka."

Malama ta zaro biro. "Inna, yaya sunanki?"

6. Koma ka ce kai ka koya mata

Ya faɗa. Idirisu ya ce, "Sannu, mijin masaniya. A kofi zan zuba ko a hula?"

Gargaɗi: ba ruwana da hularka, balle cikin wanda ya ɗanɗana abar nan. Na ce za ka shiga littafi, kuma Lado ya shiga. Duba hoton da ke shafin ƙarshe: hannun da ke riƙe wa Fatsuma ƙwarya nasa ne.