Ranar da Na Yi wa Albasar Malam Ban-ruwa

Bazara ce mai zafi, shekarar da albasa ta yi albarka. Ɗiyata Hadiza ta sa aka haɗa mana sola, da wani ɗan allo a bango mai kunna fitila da injin ruwa da kansa. Ta ce in bari sai ta dawo daga Sakkwato ta saita. Ni da na yi yaƙi da jahilci har da takardar shaida? Na ɗora tabarau, na yi bismilla, na danna lokacin da injin zai tashi. Na tsayawa kuwa ban sa ba, don a ganina ko yaro in randa ta cika ya san ya daina zubawa. Na tafi suna Sifawa hankali kwance.

Na dawo na tarar tanki na ambaliya, albasar da maigidana ya shanya a tsakar gida tana iyo, shi kuma yana tsaye da wando naɗe.

"Sannu da aiki, Injiniya," in ji Malam. "Albasar da munka cire, ita kinka koma yi ma ban-ruwa?"

Washegari na shanya wadda ta tsira bisa rufin ɗaki, na rataya faifai a kan allon. Har yau in hadari ya taso, sai Malam ya leƙo: "Injiniya, ke kinka kunna?"