Jirgin Ƙasa Mai Sitiyari

Ba zan taɓa mantawa da ranar buɗe awon gujiya ta wata shekara ba, ko da yake na daɗe ina roƙon Allah Ya mantar da ni. Da ana mayar da magana ciki bayan ta fita, akwai wadda na faɗa wa wani dattijo a bainar jama'a da zan bi ta har inda ta faɗi in tsince. To, ba a yi. Shi ya sa na ce gara in ba da labarin da bakina, tun da waɗanda suka fi ni iya ba da shi duk sun riga ni gaba.

Lokacin ƙasa ba ta daɗe da samun ƴancin kai ba, gujiya kuwa (Kanawa su ce gyaɗa) ita ce sarauniya. Ina saurayi a Tasawa, ina aiki wurin wani Alhaji mai sayen ta. Aikina buga tambari a jikin buhu, saboda na yi shekara uku a lakwal, wato makarantar boko, kafin mushe, malaminmu, ya gaji da ni, na dai san kan harafi da gindinsa. Kullum manyan motoci su cika su nufi Kano, a ce can ake zuba kayan cikin jirgin ƙasa ya kai bakin teku. Jirgin nan shi ya hana ni sukuni. Mu nan ba mu da layin dogo ko taku ɗaya, sai labari. Wai kai guda ne ke jan tarago talatin. Wai kukansa na sa akuya ɓari. Wai yana shan ruwan raƙumi ɗari a tsayuwa ɗaya. Duk direban da ya sauka sai na tsare shi da tambaya har ya kore ni.

Da awo ya kusa ƙarewa, wani direba ɗan Mayahi mai suna Illo ya gaji da nacina, ya ce in hau bisa kaya mu tafi. Murna kamar in yi tsuntsu! Amma a Gazawa na sha wata fura da ta kwana biyu tana jirana, kafin mu shiga Katsina cikina ya ɗauki ganga. Illo ya tsaya mini sau bakwai a hanya. Na takwas ya sauke ni gidan wani mai masauki kusa da tashar mota, ya ce gujiyar mutane ba za ta jira hanjina ba. Kwana goma sha biyu na yi a Katsina, garin da shi ma ba shi da dogo. Jirgin da na gani duka-duka shi ne na jikin wata kalanda a kantin wani mai sayar da yadi, an ɗauke shi daga gefe yana tuƙar hayaƙi. Na yi wuni uku gabanta ina zana shi a takarda, sannan na biyo wata mota na dawo gida.

Ina sauka abokai suka kewaye ni. "Ka gan shi?"

Na ce, "Na gan shi."

(Kun ga dai ƙaryar ƴar ƙarama ce ranar da aka haife ta. Ni na shayar da ita.) Washegari na taɓa shi da hannuna. Bayan mako na shiga tarago. Kafin ruwan farko ya sauka har na zauna kusa da direba cikin kan jirgin mun je Zariya mun dawo. Illo kuwa na ji an ce ya koma hanyar Damagaram, na saki jiki.

Sai na fara ƙera nawa. Wallahi wannan ɓangaren har yau ba na jin kunyarsa, don na zuba masa rai. Gwangwanin madara uku na haɗa suka zama kan jirgi. Gwangwanin sardin goma sha biyu suka zama taragai. Ƙafafu na murafun kwalba, dogo na waya da na miƙar da guduma, na shimfiɗa shi bisa tsagin kara. Bututun hayaƙi daga tsohon famfon keke na yanko, in saka garwashi da ɗan turare a ƙasa, sai ka ga hayaƙi na tashi kamar gaske. Damina duka da an taso daga gona ina zaure ina ƙwanƙwasa, har mahaifiyata ta fara tambayar maƙwabta ko sun san mai rubutun sha.

Ƴan buhuna kuma Baba Nomau ya ɗinka mini. Wani tsoho ne ɗan Urafan mai facin buhu a wurin Alhaji, mutum marar yawan magana, kullum yana gindin bishiyar bedi (wasu su ce dogon yaro) da basilla. Ya yi mini guda arba'in, kowane na cin ƙwayar gujiya uku. Ban taɓa tambayarsa inda ya yi ƙuruciyarsa ba. Wa ke tambayar mai faci?

Saura abu ɗaya. Hoton kalanda bai nuna cikin kan jirgi ba, amma wannan ai ba ya bukatar hoto. Na sassaƙa direba da ɓargon kara, na ɗinka masa hula, na lanƙwasa waya na naɗe ta da jan zare, na ba shi sitiyari a hannu. Duk jirgin babu abin da nake alfahari da shi kamar sitiyarin nan. Har juyawa yake.

Kaka na shigowa Alhaji ya kira ni. Ya ce bana yana son mutum guda da zai riƙa rakiyar kaya har Kano, ya tsaya a kansu sai an zuba su tarago. "Kai da ka san wurin, har da direbobin jirgi, ina ganin kai ne. Ranar buɗe awo ka kawo abin nan naka mu gani, in sa maka albarka gaban mutane."

Na fito ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Ku duba fa: aikin nan zai kai ni in ga jirgi da idona, ƙaryata ta zama gaskiya ba wanda ya sani.

Ranar ta zo. Fili ya cika da jakuna da raƙuma, manoma daga Urafan, daga Cake, daga ko'ina, buhuna jibge har sun fi mutum tsawo. Da hantsi, kafin a rataya sikeli, na share wuri na shimfiɗa dogona da kwana ɗaya mai kyau a tsakiya. Na jera taragai, na loda ƴan buhuna, na saka garwashi. Hayaƙi ya tashi. Na ja zare, na yi kukan jirgi da bakina (yadda na zata yake yi), jirgi ya motsa! Wata mai fura ta rangaɗa guɗa. Tsofaffi suna ture juna da sanda don su gani. Alhaji ya sa aka matso masa da kujera, yana ta "Masha Allah." Shi ya sha ganin jirgi a Kano, ya ce kamar an tsaga kara. Ni kuwa kaina ya kumbura, ina bayanin wurin ruwa da wurin wuta kamar ni na haife shi.

Wani manomi ɗan Cake ya nuna da baki. "To in ya iso wanga kwana, ƙaƙa yake yi?"

Abin da nake jira ke nan. Na ɗaga rufin kan jirgin, na nuna direbana. "Ga sitiyari. Sai ya murɗa hagu, da ƙarfi, don abin da nauyi. Ni kaina na taya shi riƙewa wajen Zariya."

Sai na ji murya daga gindin bedi, a hankali. "Ɗana, jirgi ba shi da sitiyari."

Baba Nomau ne. Kowa ya juya ya dube shi.

Na ce, "Mi ka ce, Baba?"

"Na ce ba shi da sitiyari. Dogo ne ke kai shi inda za shi. Cire shi kawai, sauran aikin ya yi kyau."

Kun ji fa, ƙofa ya buɗe mini in fita da mutuncina. Da na ce mantuwa ce, da an wuce. Amma ido ɗari na kaina, Alhaji na kallo. Na yi dariya na ce, "Jama'a, kun taɓa ganin mota ba sitiyari? Ko jaki ai da sanda ake juya shi. To Baba, in saniya ta shiga gabanshi, da mi zai kauce?"

"Ba ya kaucewa. Saniyar ce ke kaucewa, in ba ta kauce ba a ci nama."

Aka fashe da dariya, kuma shi ake yi wa. Kowa a filin nan ya san mota, ba wanda ya taɓa leƙa kan jirgi, maganata ta fi kama hankali. Tsohon ya ajiye basilla ya ce, "Shekara tara na yi ina dako a tashar jirgi ta Kano."

Nan ne na faɗi abin da nake so in tsince. Na ce, "Dako ka yi, Baba. Mai dako kanshi na ƙarƙashin buhu, mi zai gani in ba yatsun ƙafarshi ba?"

Dariya ta kece har da masu riƙe ciki, har da mutanen Urafan, ƴan garinsu. Tsohon ya ɗauki basillarsa ya sunkuya.

Dariyar ba ta gama lafawa ba wata mota ta shigo fili tana hon. Direba ya diro yana kakkaɓe riga. Illo! Ashe hanyar Damagaram ba ta karɓe shi ba. Ya kutso ya ga jirgi, ya gan ni, ya washe baki.

"Kai! Ɗan fura! Ashe ka rayu? Ya cikin?"

Alhaji ya ce, "Yauwa, Illo, kai ka kai yaron nan Kano bara. Raba mana gardama. Jirgi na da sitiyari?"

"Wane Kano, Alhaji? Katsina na sauke shi yana rungume da buta! Sau bakwai na tsaya mishi, duk gindin kalgon da ke hanyar nan ya san shi." Ya durƙusa ya leƙa direbana, ya ga jan zare, sai ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya yana dukan cinya. "Sitiyari! Ni na taɓa hawa kan jirgi, ba komai ciki sai wuta da ƙarafan ja. Wa ya ce yana da shi?"

Yatsu suka nuno ni ta ko'ina. Na nemi ƙasa ta tsage, ƙasar Tasawa kuwa rairayi ce, ba ta tsagewa. Turarena na ta hayaƙi shi kaɗai, ba wanda ya gaya masa an tashi wasa.

Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Tattara jirginka. Tambarinka na can na jiranka." Rakiyar Kano wani aka ba. Ni kuwa na samu suna: Direban Katsina. Har a ɗaurin aurena da shi maroƙi ya kira ni.

Kwana uku na yi ina kewaye bedin nan kafin in iya zuwa. Na cire takalmi na durƙusa na ce, "Baba, na yi maka rashin kunya, ka yafe mini."

Ya daɗe yana faci kafin ya ce, "Taka ba ta yi mini zafi ba, yaro ne kai. Dariyar ƴan garinmu ce ta yi mini zafi. Guminmu na dako sunka ci shekarar yunwa." Sannan ya ce, "Na yafe. Tafi ka ɗauko jirgin, ƙafafun ma ba daidai suke ba."

Da tsohon kwarkwaron zare ya nuna mini yadda ƙafar jirgi ke da leɓe ta ciki, mai riƙe dogo ya hana ta zamewa. Muka sake su duka. Jirgina ya riƙa shan kwana shi kaɗai, direba na zaune hannu wofi. Ya yafe, na sani, amma har ya koma Urafan ban ƙara ganin ya sa baki cikin hirar taro ba, wannan kuwa aikina ne.

Sai bayan shekara goma sha ɗaya na ga jirgi na gaske. Na roƙi direban ya bar ni in leƙa, ya ce me nake nema, na ce ba komai, wani abu nake dubawa ko yana nan.

Abin da na koya shi ne, in za ka yi ƙaryar Kano, fara tambayar wanda ke zaune shiru kusa da kai inda ya yi ƙuruciya. Ku kuma da ke karantawa, don Allah kada ku yi irin tawa. In kun faɗi abin da ba ku gani ba, dattijo ya gyara muku a hankali, ku ce na gode ku cire sitiyarin. Kunyar minti ɗaya ce. Tawa ga ta nan, na yi furfura da ita.